Yadda Ake Sauya Bel Ɗin Giya Na Injin Yanke Ciyawa Mai Kujera

Injin yanke ciyawa da ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta ya fi yawa a Amurka da Turai, inda kamfanoni irin su John Deere da Husqvarna da Cub Cadet suka yi fice wajen ƙera shi. A Najeriya ma akan gan shi a filayen ƙwallo da harabar manyan otal-otal. Matsalar da ta fi tayar wa masu shi hankali ita ce inji ya tashi lafiya, wuƙaƙe na juyawa, amma ya ƙi motsawa. Da yawa sai su ɗauka giyabos ya mutu, alhali sau tari bel ne kawai ya gaji, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na giyabos ba.

Mene ne aikin wannan bel?

Yawancin waɗannan injuna suna da bel iri biyu. Na ƙasa shi ke juya wuƙaƙen yanka. Na sama, wanda ke manne da cikin bodi, shi ke ɗaukar ƙarfi daga fulin inji da ke gaba ya kai wa fulin giyabos da ke baya, daga nan tayoyi su juya. Fuli shi ne faifan ƙarfen da bel ke zagayawa a kai. A tsakani akwai ƙananan fuli da sifirin ke ja domin bel ya ɗame. A injuna da yawa, idan aka taka birki, sai ɗaya daga cikinsu ya ja baya, bel ya saki, tafiya ta tsaya.

Alamomin da ke nuna ya gaji

Injin zai riƙa yin sanyi wajen hawa tudu, ko ya yi ta fizga kafin ya ɗauka. Akan ji warin roba mai ƙonewa. Idan an leƙa za a ga bel ya tsattsage, ko gefensa ya yi santsi yana sheƙi, ko zare ya fito.

Kafin a kashe ko sisi, a duba bayan injin. Masu giyar da ke aiki da matsin mai, irin ta kamfanin Tuff Torq ko Hydro-Gear, suna da wani ɗan ƙarfe da ake ja idan za a tura injin da hannu. In aka manta ba a mayar da shi ba, injin ba zai tafi ba ko da sabon bel ne.

Sayen wanda ya dace

A nemo lambar samfurin injin, wadda galibi take ƙarƙashin kujera ko a jikin bodi. A ɗauki hotonta da waya, a bincika a shafin kamfanin, za a samu lambar bel da zanen yadda yake bi. Kada a dogara da awon tsohon bel, domin ya riga ya miƙe kuma ya cinye. Bel ɗin mota ma ba zai yi ba, don na asali an yi shi ne ya jure saki da ɗamewa a kai a kai.

Matakan aikin

1. A ajiye injin a shimfiɗaɗɗen wuri, a zare makulli, a bari ya huce. A cire wayar fulogi don kada ya tashi hannu na ciki, a sa wa tayoyi waigi.

2. A sauke kaskon wuƙaƙe ƙasa, a cire bel ɗinsa daga fulin inji, a zare filfilan da ke riƙe da shi, sannan a jawo shi gefe.

3. A taka birki a kulle shi. Wannan ne zai sa bel ya saki.

4. A kunna fitilar waya a ɗauki hotuna daga gaba har baya, fuli bayan fuli. Nan ne mafi yawan masu gyara ke kuskure, domin bayan an zare tsohon, da wuya mutum ya tuna ta ina ya bi.

5. A sassauta ƙarafan da ke tare bel kada ya zame daga fuli. A wasu samfura sai an cire kuloci mai aiki da lantarki da ke ƙarƙashin inji, a wasu kuma sandar sitiyari na cikin zagayen bel, sai an kwance ta. Littafin injin zai nuna wanda ya shafe shi.

6. A zare tsohon bel. A fulin giyabos a yi hattara da fankar roba da ke sanyaya shi, don fukafukanta na saurin karyewa.

7. A juya kowane ƙaramin fuli da hannu. Wanda ke ƙara ko yake girgiza, boris ɗinsa ya lalace, kuma in ba a sauya shi ba zai cinye sabon bel cikin ɗan lokaci. A share busasshiyar ciyawa da maiƙo.

8. A saka sabon bel ana duba hotunan. Ƙa'idar ɗaya ce: gefen bel mai tsini yana shiga fuli mai kwari, bayansa mai faɗi kuma yana kwanciya a kan fuli mai lebur. A tabbatar bai murɗe ba, kuma yana cikin ƙarafan tarewa, ba a bayansu ba.

Gwaji

A mayar da komai yadda yake, a saki birki a ga ko bel ya ɗame. Sannan a haɗa wayar fulogi, a zauna a kujera a tayar, a gwada gaba da baya a hankali a fili mara cunkoso. Idan aka taka birki injin ya ci gaba da jan jiki, ko aka ji warin ƙuna, a kashe nan take, domin bel ya yi gajere ko ya bi gurbin da ba nasa ba. Idan kuwa bel na juya fulin giyabos daidai amma tayoyi ba su motsa ba, matsalar ta wuce bel, sai a kira bakanike.