Harafin M ɗin da ke jikin gem ɗin ƙaninka



Ranar Asabar na je neman ƙanina a gidan gem na bayan layinmu. Shekararsa 11. Na tarar da shi yana buga GTA 5, daidai wurin da ake ɗaure mutum a kujera ana cire masa haƙori da filaya. Mai shago ko a jikinsa, shi dai a biya shi kuɗinsa.

To, gem ɗin nan fa akwai alama a jikin kwalinsa. Na Amurka harafin M ne, wato sai ɗan shekara 17 zuwa sama. Na Turai kuma 18 aka rubuta ɓaro-ɓaro.

Ina alamar ta samo asali? A 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan wasanni irin su Mortal Kombat, saboda jinin da ake zubarwa a ciki. Kamfanonin suka ga idan ba su yi wani abu ba gwamnati za ta yi musu, sai suka kafa hukumar ESRB a 1994, ita ke saka haruffan. Turai ta kawo nata tsarin, PEGI, a 2003, da lambobi: 3, 7, 12, 16, 18.

Amma ku ji inda gizo ke saƙa. A Amurka alamar shawara ce kawai. Jihar Kaliforniya ta yi doka a 2005 cewa duk wanda ya sayar wa yaro gem mai tsananin ta'asa za a ci shi tarar da ta kai dala 1,000. A 2011 Kotun Ƙoli ta soke ta, alƙalai 7 a kan 2. Suka ce gem ma yana ƙarƙashin 'yancin faɗin albarkacin baki, kamar littafi da fim, kuma binciken da aka kawo bai tabbatar cewa gem ne ke sa yara ta'asa ba. Ita kuwa Sin ba ta tsaya wannan muhawara ba: a 2021 ta ce 'yan ƙasa da 18 awa ɗaya kacal za su buga gem ta intanet, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Ni ban ce GTA zai mayar da ƙanina ɗan daba ba. Amma wallahi ɗan shekara 11 bai kamata ya saba da kallon azabtarwa har yana dariya ba.

A waya abin da sauƙi: ka shiga saitin Play Store, ka kunna kulawar iyaye, ka saka lambar sirri, ka zaɓi shekaru. Sai dai wannan ba ya hana abokinsa ya tura masa ta Xender, don haka nakan karɓi wayar in duba da kaina.

Gidan gem kuwa, na koma na ce wa mai shagon: Malam, idan ya zo, ƙwallo kawai za ka kunna masa. Ƙanin nawa kwana biyu bai yi mini magana ba.