Donauinsel

Donauinsel, wato Tsibirin Danube, wurin shaƙatawa ne da ke tsakiyar kogin Danube a birnin Vienna, babban birnin ƙasar Ostiriya. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 21, amma siriri ne, faɗinsa bai wuce mita 250 ba.

Tarihi

An samar da tsibirin ne don kare birnin daga ambaliyar ruwa, bayan wadda aka yi a 1954. Daga 1972 zuwa 1988 aka haƙa sabuwar hanyar ruwa a gefen kogin, mai suna Neue Donau, aka tara ƙasar da aka haƙo a tsakaninsu ta zama tsibiri. Idan kogin ya cika, sai a buɗe madatsun ruwa, rarar ta bi sabuwar hanyar. Wannan ya taimaka wajen tsare birnin a ambaliyar 2002 da ta 2013.

Namun daji

An dasa bishiyoyi masu yawa, an kuma bar ƙarshen arewa da na kudu ga halittu. Akwai zalɓe, agwagin ruwa, kwaɗi, zomaye da biba, dabbar ruwa mai sare bishiya da haƙoranta. Tun 2019 ake kawo tumaki su ci ciyawa a wani sashe maimakon a yanke ta da inji.

Nishaɗi

Shiga kyauta ce, kuma an hana motocin jama'a zirga-zirga a ciki. Mutane kan zo iyo, hawan keke, tuƙin kwale-kwale da gasa nama. Kowace shekara ana yin bikin kiɗa na Donauinselfest, wanda ke tara miliyoyin 'yan kallo.