Kaka, matar pasto ta ƙasar Galmi, ta kwanta dama

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa lodin albasa a Galmi, bisa hanyar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Madawa, ya san asibitin mishan da ke bakin kwalta. Ƙungiyar SIM, wadda ta fara zama a Damagaram a 1924, ita ta buɗe shi a 1950 ta hannun likita Burt Long. Ana tunawa da likitocin Turawa, amma ba a cika ambaton matan ƙasa da suka riƙe ƙananan majami'u na ƙauyukan kewaye ba. Ɗaya daga cikinsu ce aka binne a wani ƙauye na gundumar Malbaza, tsohuwar da Musulmi da Kirista, babba da yaro, ke kira Kaka.

Ƴar gidan Musulmi ce. Tana budurwa ta rako mahaifiyarta jinya asibitin Galmi, kuma a wannan zama ta koyi karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Da ta karɓi addinin Almasihu, ta kuma auri wani saurayi mai shirin tafiya makarantar Littafi, mahaifinta ya hana ta shiga gidansa. Shekaru suka shuɗe a haka. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi aka aiko mata, ita ce kuwa ta yi jinyarsa har ya cika.

Ma'aikacin gwamnati da ke jiran ƙarshen wata zai yi mamakin yadda gidan paston ƙauye ke rayuwa. Pasto na samun ɗan abin baiko da damman gero bayan girbi. Matarsa ba ta da albashi ko dala ɗaya, alhali ita ke share majami'a, ita ke saukar da baƙi, ita ke jagorantar Zumuntar Mata, masu waƙa da kiɗan tulu ranar Lahadi. Kaka ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da adashi. Ungozoma ce kuma, ba ta tambayar addinin mai naƙuda. In haihuwa ta zo da gardama, ba ta jayayya da abin da ya fi ƙarfinta: sai a ɗaura amalanke zuwa Galmi.

Tsofaffin ƙauyen sun fi tuna ta da yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka raɗa wa suna El Buhari, domin a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakarta, hatsi ya daina shigowa ta Ƙonni kamar da. Maza sun watse cin rani. Kaka ta buɗe rumbun gidan pasto, kowace safiya tana dama kunu a babbar tukunya, yaran unguwa na jeruwa da ƙoƙo. An ce mijinta ya yi mata magana kan irin shuka, ta ƙyale shi.

Ba a ce ba ta da nata ba. Tana da kaifin harshe, kuma da jikarta ta zaɓi miji Musulmi, Kaka ta ƙi halartar bikin, ita da ta san ɗacin irin wannan hukunci fiye da kowa. Ranar suna dai aka gan ta tafe da turmin zane bisa kai, ba ta ce da kowa uffan ba.

Da mijinta ya rasu, aka tuna mata cewa gidan na ikilisiya ne, sabon pasto na tafe da iyalinsa. Matar da ta yi wa majami'a hidima tun ƙuruciya ta fita da tabarma da tukwane. Ɗan wanta, Musulmi mai noman albasa, shi ya gina mata ɗaki. A watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin nan suka kwana.

Ranar jana'iza, limamin unguwa da jama'arsa sun zauna a inuwar bedi har aka gama addu'a. A bangon Littafinta aka tarar da sunayen yaran da ta karɓi haihuwarsu, da rubutun hannunta, layi bisa layi har gefen shafi. Jikokinta ba su daidaita ba tukuna kan wanda zai ajiye shi.