Kalmomin Koyar Da Zane Da Kiɗa Suna Nan A Bakin Masu Sana'a

Daga Wakilinmu

A cikin manhajar ilmin firamare da ƙaramar sakandare wadda aka fitar a 2007, an tattara zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo an mai da su darasi guda, watau darasin al'adu da fasaha. Littattafansa da Turanci suke, amma duk wanda ya san makarantunmu na karkara ya san cewa idan malami ya ga yara sun yi zuru, da Hausa yake warware musu bayani. To, a nan gizo yake saƙa, domin kowane malami da kalmar da yake laluba wa kansa.

Alal misali, abin da Bature ya kira da kalma ɗaya, Bahaushe ya raba shi biyu, kiɗa daban, waƙa daban. Ita kuma waƙa ta haɗa wadda Mamman Shata ya rera da kalangu da wadda Sa'adu Zungur ya rubuta da alƙalami, sai an ce ta baka ko rubutacciya. Kalmar zane ta fi su shan wahala. Da ita ake kiran hoton da yaro ya yi da fensir, da adon bango, da tsarin da magini yake bi. Zayyana tana nan, ta kuwa dace da tsara abu kafin a yi shi, amma ba kowa ke amfani da ita haka ba.

Ba a ce ba a taɓuka kome ba. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya shirya, sai dai harshe da adabi da dabarun koyarwa ya fuskanta. Wasan kwaikwayo ya ci albarkacin adabi, shi ya sa ɗalibi a Sakkwato da na Bauchi duk sun san jigo da salo da kashi da fitowa da dandamali. Malamin zane da na rawa ba su sami wannan gata ba.

Abin mamaki shi ne yawancin kalmomin ba sai an ƙirƙira ba. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka buga littafin kalmomin kiɗan Hausa, bayan bincike a Zariya da Katsina, kuma daga bakin makaɗa suka kwaso su. Makaɗi ya san kango, watau jikin ganga kafin a rufe shi da fata, ya san tsirkiya da izga, ya san naken da ake manna wa taushi don ya gyara amo. Ya bambanta take da kirari, ya bambanta jagora da 'yan amshi. Yaron da aka ce masa kotso na Narambaɗa ne, kuntigi na Ɗan Maraya Jos, ya riga ya kama hanyar rarrabe kayan bugawa da na kaɗa tsirkiya, kafin a kai shi ga na busa irin su algaita da kakaki da sarewa.

Haka abin yake wajen launi da ado. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna da baba da shuni, maɗinka suna da aska biyu da aska takwas, magina suna da dagi da zanko da makuba. A kasuwa kuwa mata ba sa rikita ruwan ɗorawa da ruwan goro, balle tsanwa da algashi. Ta yaya za a ce harshen da ke da wannan dukiya ya rasa abin koyar da ɗan aji uku?

Inda sai an zauna an ƙirƙira shi ne abubuwan da suka zo da boko, kamar rubuta sautin kiɗa a takarda, ko dabarar nuna nesa da kusa a cikin hoto. Wannan aikin masana ne, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana irinsa. Amma a ganinmu tattara na hannu shi ya fi gaggawa, musamman na magina, tun da siminti da kwano sun ture tubali da azara, kuma kaɗan ne daga 'ya'yansu suke gadon sana'ar.