Gombe United da Remo Stars: tare suka hau, me ya raba su?

Duk mai bin gasar Firimiyar Najeriya daga nan Kudu, ko a Agege yake ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, ya san abin da ya faru a 2024: ƙungiyoyin Gombe guda biyu, Gombe United da Doma United, suka faɗi daga gasar a kaka ɗaya. Filin wasa na Pantami ya wayi gari babu wakili ko ɗaya a babbar gasa. Mutane sun ɗora laifin a kan alƙalan wasa, wasu a kan kuɗi. Ni dai inda nake zargi shi ne yadda ake zaɓen 'yan wasa tun kafin a buga ƙwallon farko.

A Amurka, gasar ƙwallonsu ta NFL tana da tsarin da suke kira diraf. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 suna zama su zaɓi matasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Wato mai rauni ake ba wa dama ya ɗauki gwani. Mu nan babu wannan. Wanda ya faɗi, shi ake wa wasoso: manyan ƙungiyoyi su kwashe 'yan wasansa masu kyau, ya koma ƙaramar gasa ta NNL da ragowar. Saboda haka ƙungiya irin Gombe United ba ta da wata gata sai idonta na gano yaro da kuma takardar da za ta riƙe shi da ita.

To ku duba tarihin nan. An kafa Gombe United a 1990, tun Gombe tana cikin jihar Bauchi. Ta faɗi a 2014, ta dawo a kakar 2017, ta faɗi a wannan shekarar. Ta dawo a 2019, ta sake faɗuwa. Ta hau a 2021, ta yi kaka uku, ta sauka a 2024. Abin da ya ja hankalina shi ne Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun ta yi irin wannan hawa da sauka tare da ita: tare suka shigo a 2017 suka fita, tare a 2019 suka fita, tare kuma suka dawo a 2021. 'Yan'uwanmu na Sabon Shagamu shaida ne, ai a maƙwabtansu abin ya faru. Amma a 2025 Remo Stars ce ta ɗauki kofin gasar, karo na farko a tarihinta, Gombe United kuwa tana NNL.

Me Remo ta yi? Ta gina makarantar horar da yara, Beyond Limits, wadda har ta ci gasar matasa ta Viareggio a Italiya a 2024. Ta kuma bar koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, ya yi shekaru yana gina tawaga. Idan ɗan wasa ya tafi waje, akwai kuɗin sayarwa, akwai kuma yaron da zai maye gurbinsa, wanda ya riga ya san salon wasan gidan.

Tsarin da ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi suka saba da shi daban ne. Ana gab da fara kaka sai a kira tantancewa, 'yan wasa su cika fili, a kalle su na 'yan kwanaki, a ɗauki waɗanda suka burge. Wakilan 'yan wasa na turo nasu, sabon koci na zuwa da yaransa, wani babba ma yana iya turo ɗan gidansa. Galibi kwantiragin shekara ɗaya ake yi. Wannan shi ne babban ramin, a ganina. Yaron da ya haska a kaka ɗaya zai tafi kyauta, ƙungiya ba ta samu ko sisi ba, badi kuma a sake farawa daga tushe. Wasa 38 ake bugawa a kaka, tafiyar mota daga Gombe zuwa Aba ko Uyo ba wasa ba ce, tawagar da aka haɗa cikin makonni kaɗan ba ta jure wannan.

Ba wai Gombe ba ta iya gano gwani ba ne, a'a. Austin Oladapo daga Gombe United ya koma Enyimba. Yusuf Abdulazeez yana cikin waɗanda suka fi zura ƙwallo a raga a kakar 2021/22. Koci Aliyu Zubairu, wanda ya dawo da ƙungiyar babbar gasa a 2021, ya koma El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ya ci Kofin Shugaban Ƙasa da ita a 2024, daga nan aka ba shi Flying Eagles. A shekarar da yake ɗaga kofi, a ita tsohuwar ƙungiyarsa ta nutse. Ido akwai, riƙewa ce babu.

Akwai kuma kuɗin da ake bari a ƙasa. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai an yi masa rajista da sunanka. Yaron Bolari ko Jekadafari ko Kumo da ya taso a ƙwallon unguwa ba tare da takarda ba, wata makarantar Legas ce za ta ci moriyarsa.

Don haka idan kun ji an ce Gombe United ta ɗauki sababbin 'yan wasa ashirin, kar ku yi saurin tafi. Ku tambaya: nawa ne suka rage daga na bara, nawa ne 'yan ƙasa da shekara 21, kuma shekara nawa kowannensu ya sa wa hannu.