Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Labarin Wasan Harbi Na Kyauta Da Katin PhysX

Mu a nan Asawase mun saba ganin yaranmu cike da shagunan wasan kwamfuta daga Aboabo har Sawaba, kuma mun san da yawa daga cikin injinan da suke bugawa kayan gwanjo ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, a kawo su Kumasi, wasu su wuce Paga da Bawku da Sankase. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku labarin wani wasa da aka raba kyauta a shekarar 2007, domin akwai darasi a cikinsa ga duk mai zuba jari a kayan lantarki.

A shekarar 2006 wani kamfanin Amurka mai suna Ageia ya fito da wani kati da ake sokawa a cikin kwamfuta, sunansa PhysX. Aikinsa shi ne ya ɗauke wa ƙwaƙwalwar kwamfuta nauyin lissafin motsin abubuwa a cikin wasa, wato yadda bango zai rushe, yadda ruwa zai malala, yadda tuta za ta yage idan harsashi ya ratsa ta. Kamfanonin BFG da Asus ne suka ƙera katin, ana sayar da shi wajen dala 300, wanda a lokacin ya haura sidi miliyan biyu da rabi na tsohon kuɗinmu, kafin canjin kuɗi na watan Yuli 2007.

To amma sai aka samu matsala. Masu wasa sun ƙi sayen katin saboda wasannin da ke amfani da shi ba su da yawa, su kuma masu ƙirƙirar wasanni sun ƙi ɓata lokacinsu a kan katin da mutane kaɗan suka mallaka. Domin warware wannan ƙulli sai aka koma ga dabarar mai kilishi, wanda ke yago maka ɗanɗano don ka sayi ƙunshi. A watan Mayu 2007 aka saki wasan CellFactor: Revolution kyauta a intanet. Wasan harbi ne irin wanda mai wasa ke kallon fili ta idon sojan da yake sarrafawa, bindiga a gabansa, yana kuma iya ɗaga ganguna da akwatuna ya jefi abokan gaba da su. Wasu filayen wasan suna tafiya a kan kwamfuta ko babu katin, amma waɗanda suka fi ban sha'awa sai da shi. A watan Nuwamba na wannan shekara kamfanin NetDevil ya sake fito da wani, Warmonger, shi ma kyauta, inda ake fasa gine-gine a buɗe hanya ko a rufta wa maƙiyi.

Duk da wannan talla, katin bai samu kasuwa ba. A watan Fabrairu 2008 kamfanin Nvidia, mai ƙera katin hoto na GeForce, ya saye Ageia ɗungurungum. Kafin shekarar ta ƙare ya fito da manhajar da ta sa katin hoto na GeForce 8 da na bayansa suke yin wannan aiki da kansu. Wanda ya biya dala 300 ya wayi gari da abin da maƙwabcinsa ya samu ba tare da ƙarin ko kwabo ba, mai shagon da ya tara katin kuwa jarinsa ya kwanta a kan kanta. Kamfanin BFG ma ya rufe a 2010.

Ita fasahar ba ta mutu ba. An ci gaba da amfani da PhysX a wasanni masu yawa, har a 2018 Nvidia ya buɗe ta ga kowa. Sunan CellFactor ma ya sake fitowa a 2009 a kan Xbox 360 da PlayStation 3, da hannun kamfanin Timeline Interactive na birnin Alƙahira, amma a wannan karon da kuɗi aka sayar da shi. Katin ne kaɗai ya zama tarkace, irin wanda ake kai wa masu kayan bola su cire tagulla.

Saboda haka 'yan uwa, idan dillali ya zo muku da sabon kaya yana nuna muku abin al'ajabi a kan allo, ku tambaye shi abu uku kafin ku kwance lalita. Shin abin da yake nunawa kamfanin da kansa ne ya shirya shi don talla? Kamfanoni nawa ne dabam suke yin kayan da ke aiki da wannan na'ura? Kuma aikin da take yi, ba za a iya cusa shi gobe cikin waya ko kwamfutar da mutane suka riga suka mallaka ba? Mun ga yadda wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori da na'urorin sauraron waƙa. Idan amsar ba ta gamsar da ku ba, ku ɗauki kaɗan ku gwada kasuwa tukuna, kada ku karɓi bashi a kansa.

Allah ya sa albarka a nema, ya kare mu daga asara, amin.