Adon bango a gidan haya: a ƙawata ɗaki ba tare da rigima da mai gida ba

Duk wanda ya taɓa zama gidan haya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san cewa ranar tashi ita ce ranar lissafi. Mai gida zai shigo ya bi bango da ido, ya ƙirga ramukan ƙusa da wuraren da fenti ya ɓare, sannan ya ce zai cire kuɗɗin gyara daga ajiyar da aka ba shi ranar shiga. Haka abin yake ga mai butik ko ƙaramin biro a bakin kasuwa. Amma kuma ba wanda ke son zama cikin bango huɗu fayau, balle mace, wadda ɗakinta shi ne mutuncinta idan baƙi suka zo.

Adon bango ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina suka yi a fuskar gidaje. To, wannan aikin mai gidan kansa ne. Ɗan haya adonsa dole ya zama wanda zai naɗe ya tafi da shi.

Dabarar da ta fi sauƙin kuɗɗi ita ce manna atamfa da sitati, irin wanda masu wanki da guga ke sa wa shadda. Ki samu sitatin rogo kamar cokali 4 na cin abinci, ki dama da ruwan sanyi kaɗan, ki zuba tafasasshen ruwa lita 1 kina motsawa har ya yi kamar koko mai ruwa-ruwa, ki bari ya huce. Kafin nan ki wanke atamfar ta bushe, domin sabon zane yana zuba kuma yana tsukewa. Idan ba a wanke ba, launinsa zai kama fentin mutane, an koma gidan jiya ke nan. Ki goge ƙurar bangon, ki shafa sitatin da soso, ki ɗora zanen daga sama kina lallashe shi da hannu zuwa ƙasa, sannan ki sake bin bayansa da sitatin. Ki bar ɗan saura a gefe, sai ya bushe ki yanke da reza. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na riƙe ɗaya na shafawa.

Turmi guda yadi 6 ne, wato kusan mita 5 da rabi, faɗinsa kuma ya ɗan wuce mita 1. Ba sai an rufe ɗaki duka ba: bango guda, na bayan gado ko na bayan teburin ciniki, ya isa ya sauya wuri. Ranar tashi sai a jiƙa zanen da ruwa, a ja shi a hankali, a wanke bangon. Zanen ma bai lalace ba, wanki kawai yake so.

Sai dai wannan dabara ba ta kowane bango ba ce. Ta fi kamawa a bangon siminti mai santsi da aka yi wa fenti mai mai. Ginin ƙasa ko bangon da aka shafa wa farar ƙasa ba ya son ruwa, zai biyo zanen. Ɗakin da ke yin danshi da damina shi ma a haƙura, kuma inda ake fama da gara ko kyankyasai a tuna cewa sitati abincinsu ne. Shi ya sa ya kamata a fara gwadawa da ɗan ƙyalle a bayan ƙofa, a bar shi kwana 2 ko 3 a gani.

Ga irin waɗannan ɗakuna rataya ta fi. A nemi iznin mai gida a kafa ƙusa 2 kacal can sama, a ɗaura waya ko a ɗora siririn katako, komai sai ya rataya a jikinsa: tabarmar Madawa, sakala ko tera-tera, faifai masu launi, madubi marar nauyi, ko samfurin kayan da ake saidawa. Ramuka 2 abin toshewa ne cikin minti kaɗan, ba kamar 30 ba.

Maƙalai masu manni da ake saidawa yanzu suna da amfani ga kalanda ko ƙaramin hoto, amma ba sa kama bango mai ƙura, kuma zafin watan Afrilu yana sassauta manninsu, don haka kada a amince musu da agogo ko gilashi. Shi kuwa sikoc mai faɗi na ɗaure kwali, shi ne babban mai ɓare fenti.

Saura maganar wuta. Ƴan kasuwar Yamai ba su manta da gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 ba, ko ta Ƙaramar Kasuwa a 2012. Zane da tabarma abincin wuta ne, don haka a nisanta su da murhun gas, kaskon turare, maganin sauro na kunnawa da wayoyin lantarki, kuma kada a rufe soket da zane don wai ya ɓata ado. A yanke wurinsa a bar shi a fili.